Rance da Jari: Tarihin Ƙananan Basussuka da Matsalar Zaman Banza Tsakanin Matasa



Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne wata dabara da ƙasashe masu tasowa suka runguma yau wajen shekara 50 ke nan, watau ba talaka ɗan ƙaramin rance ba tare da jingina ba, domin ya kama sana'a. Tambayar da ke gabanmu ita ce ko wannan dabara tana iya raba matasa da zaman banza. Da yake ni malamin harshe ne, zan fara daga kalmomi, domin sau da yawa abin da al'umma ta daɗe da saninsa yana nan ajiye cikin kalmominta.

Bahaushe bai tara karɓar abin hannun wani cikin kalma guda ba. Idan ka karɓi gatari ko jaki, za ka mayar da shi kansa, wannan aro ne. Idan ka karɓi kuɗi ko hatsi, ka kashe ko ka ci, za ka mayar da kwatankwacinsa, wannan rance ne, nauyin da ya hau kanka kuwa shi ne bashi. Idan mai kuɗi bai yarda da kai ba, sai ka ajiye masa gona ko riga, jingina ke nan. In kuwa wani mai mutunci ya tsaya maka, ya ce in ka gaza a zo wurinsa, to, ya yi maka lamuni. Sa'an nan akwai jari, watau dukiyar da ake juyawa domin ta haifi riba. Ana iya yin jari da rance, amma kowane ɗan kasuwa ya san ba abu ɗaya ba ne. Rance yana da ranar biya, ko an sayar ko ba a sayar ba. Jarin da ubangida ya ɗora yaronsa a kai kuwa yana jiran kasuwa ta yi halinta. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa shi da tarihi, shi ne cewa matashin da bai taɓa riƙe sana'a ba jari yake bukata, tare da wanda zai riƙa masa hannu, amma abin da aka fi miƙa masa cikin shekarun nan rance ne.

Mu fara da gida. Kafin zuwan banki ƙasar Hausa, talaka yana da hanyoyinsa na samun kuɗi a dunƙule. Wadda kowa ya sani ita ce adashi: mutane su riƙa zubi a wurin uwar adashi, ran kasuwa ko ran Juma'a, kowa ya kwasa in layinsa ya zo. Wanda ya fara kwasa rance ya ci ba ruwa, wanda ya kwasa a ƙarshe ajiya ya yi. Sai dai a lura, ba a shiga adashi sai da abin zubi. Mai ƙosai da mai saƙa da mahauci suna shiga domin kullum ɗan wani abu yana shigo musu. Saurayin da ba ya samun ko anini, ba wanda zai sa shi cikin adashi. Akwai kuma muguwar hanya, ta cin bashi da damina sa'ad da rumbu ya ƙare, a karɓi dami ɗaya a biya biyu da kaka. Malamai sun daɗe suna wa'azi a kanta, amma yunwa ba ta jin wa'azi.

Hanyar da ta fi dacewa da zancenmu ita ce ta fatake. A ƙarni na 19 ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sukan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato, su yi watanni a hanya zuwa kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro. Yaro yakan shiga ayari ba shi da kome sai ƙarfinsa. Ya kora jakunan ubangidansa, ya koyi zango da zango, ya ga yadda madugu ke sasantawa da sarakunan hanya a kan fito da kuɗin ƙasa, ya koyi bambance goron da zai kai gida da wanda zai ruɓe kafin a haye Kwara. Bayan tafiya biyu ko uku sai a bar shi ya ɗora ɗan kayansa bisa jakin maigida. In an ga yana da amana, a ba shi jari ya tafi shi kaɗai, a raba riba. Daga ƙarshe a yi masa aure, a sallame shi, ya zama mai kansa, shi ma ya ɗauki yara.

Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya kuma rasu a Kano a 1955, cikin wannan tsari ya tashi, da shi kuma ya yi arziki. Ya yi fataucin goro tsakanin Gwanja da Ikko da Kano, sa'an nan da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano a 1912, cinikin gyaɗa ya kankama, ya zama babban mai saya wa kamfanonin Turawa. Yadda yake yi shi ne ya raba wa yaransa kuɗi su bazu ƙauyuka su sayo, su komo a yi lissafi. Gidaje da yawa na attajirai a Kano, in ka bi asalinsu, za ka tarar kakansu yaron wani attajiri ne da aka sallama. Haka nan wani masani Bature, Abner Cohen, da ya zauna a unguwar Sabo ta Badun a farkon shekarun 1960, ya tarar cinikin shanu a can kusan dukkansa bashi ne. Mai shanu ya zo daga Arewa bai san kowa ba, ya sauka gidan maigida, dillalan maigida su sayar wa mahautan Yarabawa bashi na 'yan makonni, babu takarda babu sa hannu. Maigida shi ne lamuni. In mahauci ya ƙi biya, shi zai biya baƙonsa daga aljihunsa, shi kuma mahaucin kasuwa ta rufe masa ƙofa.

Wannan tsari yana da gindi a fiƙihu. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta kan hukuncin ƙirali, wanda bankunan zamani ke kira mudaraba: wani ya kawo dukiya, wani ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya, in kuwa aka yi hasara ba da sakaci ba, mai dukiya ne ya yi hasarar dukiyarsa, mai aiki ya yi hasarar wahalarsa. Ku riƙe wannan, domin nan ne bambancin yake. Yaron da kasuwa ta kayar ba ya tashi da bashi a wuyansa.

Kada a ce ina yabon jiya ido rufe. Tsarin ubangida yana da nasa zalunci. Akwai wanda ya yi wa maigida bauta shekara 15 aka sallame shi da tabarma da buta. Wanda ba shi da dangi ko ɗan garinsu a cikin sana'a da wuya ya sami shiga, mata kuwa kusan ba su cikin lissafin. Kuma tsari ne da ke ɗaukar yara goma ko ashirin a gida guda, alhali yau miliyoyi ake magana.

Hanyar Turawa ta fara shigo mana ta ƙungiyoyin gama kai. A ƙasar Jamus wani magajin gari mai suna Raiffeisen ya kafa ƙungiyar bashi ta manoma a 1864, inda 'yan ƙauye ɗaya ke lamuncewa juna. Ingilishi suka kai dabarar Indiya da dokar 1904, daga can suka turo wani jami'insu, Strickland, ya zo Nijeriya ya rubuta rahoto a 1934, aka yi dokar ƙungiyoyin gama kai a 1935. Waɗannan manoman koko da gyaɗa da auduga suka shafa, ba su da wani shiri domin marasa aiki, saboda haka ba zan tsaya a kansu ba.

Labarin ƙaramin rance irin na zamaninmu a Bangaladash ya soma. Ƙasar ta ɓalle daga Pakistan a 1971 bayan yaƙi mai muni, a 1974 kuma yunwa ta auka mata. A lokacin Muhammad Yunus, wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, yana shugabancin sashen tattalin arziki a Jami'ar Chittagong. Kusa da jami'ar akwai wani ƙauye, Jobra. A can, a 1976, ya gamu da wata mata mai saƙa kujerun gora. Ba ta da taka 5 na sayen gorar, saboda haka kullum sai ta karɓa wurin wani ɗan kasuwa, bisa sharaɗin shi za ta sayar wa kujerun a farashin da ya yanka. Abin da ke saura hannunta bayan wunin aiki rabin taka ne. Yunus ya sa aka ƙirga masu irin wannan hali a ƙauyen, aka sami mutum 42, abin da suke bukata gaba ɗaya taka 856, watau wajen dala 27. Ya ciro daga aljihunsa ya ba su, suka kuwa biya.

Da ya je bankuna suka ce talaka ba shi da jingina, sai shi ya tsaya musu lamuni a Bankin Janata. A 1979 aka faɗaɗa gwajin zuwa gundumar Tangail da taimakon babban bankin ƙasar, a watan Oktoba 1983 kuma gwamnati ta yi doka ta mai da shi banki mai cin gashin kansa, Bankin Grameen, ma'ana bankin ƙauye. Tsarinsa ya cancanci a dube shi da kyau, domin shi duniya ta kwaikwaya. Mutum 5 da suka san juna, ba 'yan gida ɗaya ba, su haɗa ƙungiya. A fara ba biyu rance, in suna biya a ba biyu na gaba, shugabar ƙungiya ita ce ta ƙarshe. Ana biya mako mako har shekara, a gaban jama'a, a taron da ma'aikacin banki ke zuwa ƙauye ya yi. Wadda ta biya, a ba ta wanda ya fi shi. Ƙungiyar da ta yi wasa, a rufe mata ƙofa. Wanda ya san adashi da lamunin Sabo ba zai ga baƙon abu a nan ba. An ɗauki kunya da mutunci da sanin juna an sa su a gurbin gona da gida.

Abin ya yi aiki ta fuskar da aka nufa. Masu rance suka kai miliyoyi, fiye da kashi 90 cikin 100 mata, bankin kuma yana ba da rahoton cewa kusan duka suna biya. Ko da yake bayan ambaliyar 1998 biya ya yi rauni ƙwarai, har ya zama dole a sassauta ƙa'idoji a sabon tsarin da aka kammala a 2002, wannan bai rage darajar abin da aka gano ba, watau talaka yana biyan bashi, sau da yawa ma fiye da attajiri. A 1997 aka yi babban taro a Washington aka ɗauki alkawarin kai rance ga iyalai miliyan 100. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2005 ta zama shekarar ƙaramin rance, a 2006 kuma Yunus da bankinsa suka sami lambar Nobel ta zaman lafiya.

To, amma mu koma wurin matar nan ta Jobra. Ta iya saƙa tun kafin Yunus ya zo. Tana da masu saye. Abin da take juyawa yana dawowa cikin kwana ɗaya. Taka 5 kaɗai ta rasa, da aka ba ta sai kome ya daidaita. Ita ce irin mutumin da aka yanka wa wannan riga. Sa'ad da gwamnatoci suka ɗauki rigar suka ce za su sa wa ɗan shekara 22 da ya gama makaranta bai taɓa sayar da ko ashana ba, ba su tsaya sun gwada ta a jikinsa ba.

A Nijeriya abin ya zo ne cikin matsi. Farashin man fetur ya faɗi warwas a 1986, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, darajar naira ta zube, masana'antu suka rage ma'aikata, gwamnati ta tsuke ɗaukar aiki. Ɗalibin da a shekarun 1970 ake zuwa har jami'a ana zawarcinsa da aiki da gida da bashin mota, sai ga ƙanensa yana yawo da takardu cikin ambulan. A ƙarshen 1986 aka kafa Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, NDE, wadda mafi ma'anar shirye-shiryenta a ganina shi ne na tura matasa koyon sana'a wurin masu gareji da teloli da kafintoci, gwamnati tana biyan mai koyarwa da mai koyo ɗan alawus. Sa'an nan a watan Oktoba 1989 aka buɗe Bankin Jama'a, watau People's Bank, bisa koyi da Grameen, aka fara daga Ajegunle a Ikko. Tai Solarin ne shugaban hukumarsa, Maria Sokenu kuma manajan darakta. Yana ba da rance daga naira 50 zuwa naira 2,000 ba jingina. A ƙarshen 1990 aka ƙara da bankunan al'umma, na farkonsu kuwa Alheri ne, a Tudun Wadar Kaduna.

Bankin Jama'a ya ɗauki siffar Grameen ya bar ruhinsa. Grameen ya yi shekara 7 yana rarrafe daga ƙauye guda kafin ya zama banki. Namu cikin 'yan shekaru ya buɗe rassa ɗaruruwa, domin kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma tana son nata. Kuɗin na gwamnati ne, kuɗin gwamnati kuwa a idon mutanenmu ganima ce, wanda ya samu rabonsa ne ya tsaga. Ga hauhawar farashi tana cinye uwar kuɗin ko da an biya. Tai Solarin ya ajiye muƙaminsa a 1992 saboda zargin almundahana a cikin bankin da ya ga ba a ɗauki mataki a kai ba. A shekara ta 2000 aka haɗe bankin da Bankin Manoma da shirin FEAP na zamanin Abaca, suka zama banki guda mai hedkwata a Kaduna. A watan Disamba 2005 Babban Bankin Nijeriya ya fito da sabuwar manufa, ya umurci bankunan al'umma su rikiɗa su zama ƙananan bankunan rance, a watan Satumba 2010 kuma ya soke lasisin 224 daga cikinsu a tashi ɗaya.

A sauran duniya wata matsalar ce ta daban ta taso. Da aka gane talaka yana biya, sai 'yan kasuwa suka gane akwai riba. A Meziko wata ƙungiyar agaji ta rikiɗa ta zama Bankin Compartamos, wanda ruwan da yake ɗora wa matan karkara ya kusa kashi 100 cikin 100 a shekara, a 2007 kuma ya sayar da hannun jari masu shi suka kwashi ɗaruruwan miliyoyin dala. Yunus da kansa ya yi tir da wannan. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya kamfanoni suka yi ta rige-rigen ba da rance, mace guda ta ci bashi wuri uku ko huɗu, tana karɓa nan ta biya can. Da rahotannin masu kashe kansu saboda matsin masu karɓar bashi suka yi yawa, gwamnatin jihar ta yi doka a watan Oktoba 2010 ta taka wa kamfanonin burki, yawancin jama'a kuma suka daina biya. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa. Amma hanjin ma in ya ƙulle kashe mutum yake yi.

Duk wannan lokaci hujjar da ake kawowa ita ce labarin mace guda da ta fara da kaza ta ƙare da shago, da kuma yawan masu biya. Sai a shekarun 2000 masana suka fara auna abin kamar yadda likitoci ke gwada magani. A birnin Hyderabad, daga 2005, Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu suka ɗauki unguwannin talakawa 104, aka jefa ƙuri'a, wani kamfanin rance mai suna Spandana ya buɗe rassa a 52, aka bar 52, sa'an nan aka dawo aka kwatanta. A 2015 aka buga sakamakon irin wannan gwaji daga ƙasashe 6: Indiya, Habasha, Maroko, Meziko, Mongoliya da Bosniya. Bakinsu ya zo kusan ɗaya. Mutane kaɗan ne suka karɓi rancen, ƙasa da yadda aka zata. Bai jefa yawancinsu cikin halaka ba, kamar yadda masu suka ke faɗa, ya kuma ba su sararin juya al'amuransu. Amma abin da gida ke samu da abin da yake ci, in an ɗauki matsakaici, bai ƙaru a zo a gani ba. Inda aka ga riba ta haƙiƙa, galibi wurin waɗanda suke da sana'a ne tun kafin rancen ya zo.

Dalilin ba boyayye ba ne, in mun sa kanmu a matsayin matashin. An ba shi kuɗi yau, mako mai zuwa za a zo karɓar kashin farko. Wace sana'a ce ke haihuwa cikin kwana 7? Ba walda ba, ba kiwon kaji ba, ba ɗinki ga wanda bai riga ya yi suna ba. Sai saye da sayarwa: katin waya, ruwan leda, man fetur a galan. Da mutum 20 a unguwa ɗaya suka kasa kaya iri ɗaya, ribar da mutum 5 ke ci a da ita za a raba, ba a ƙara kome a cikin garin ba. Mai hankali daga cikinsu ma yakan ware wani kashi na rancen ya ajiye domin biyan makonnin farko, watau yana biyan ruwa a kan kuɗin da bai taɓa juyawa ba. An gwada wannan a Kalkata: aka ba wasu masu rance sararin wata 2 kafin su fara biya, sai ga shi sun zuba kuɗin a sana'o'i masu riba, samunsu ya fi na sauran bayan shekara 3, amma waɗanda suka kasa biya su ma sun ƙaru. Abin da ya fi amfanar mai sana'a shi ne ya fi tsoratar da banki. Ga shi kuma saurayi ba shi da abin da tsarin ya dogara a kai. Matar aure mai 'ya'ya ba ta barin ƙauye, kunyar maƙwabta tana riƙe da ita. Saurayi kuwa gobe yana Legas ko Agadas. Shi ya sa bankunan da kansu suke gudunsa.

Sai aka gwada ba da jarin kyauta. A arewacin Yuganda, bayan yaƙin 'yan tawayen LRA ya lafa, gwamnati da kuɗin Bankin Duniya ta ce matasa 'yan shekara 16 zuwa 35 su haɗa ƙungiyoyi na wajen mutum 20, su rubuta sana'ar da suke so su koya da kayan aikin da za su saya. Ƙungiyoyi 535 suka cancanta, a 2008 aka zaɓi kimanin rabinsu ta hanyar ƙuri'a aka ba su kuɗi, abin da ya kama wajen dala 380 kowane mutum, ba biya, ba mai sa ido. Masu cewa za su shanye ne ko su ƙara aure sun ji kunya. Yawancinsu sun biya kuɗin koyo, mafi yawan kuɗin kuma suka sayi kayan aiki na kafinta da ɗinki da ƙira da gyaran gashi. Bayan shekara 4 samunsu ya ɗara na waɗanda ƙuri'a ba ta faɗa kansu ba da kashi 38 cikin 100. Amma labarin yana da wutsiya, wajibi ne kuma in faɗe ta. Da Christopher Blattman da abokan bincikensa suka koma bayan shekara 9, sai suka tarar waɗancan sun kamo su wajen samu, domin su ma a hankali sun yi ƙwadago sun tara nasu. Abin da ya saura ga masu jarin shi ne sun fi kayan gida, sun kuma fi zama masu sana'ar hannu. Jarin ya gaggauta musu tafiya da shekaru, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a rayuwar saurayi, amma bai canja iyakar da kasuwar ƙauyensu ta yanka musu ba.

Gwaji na biyu namu ne. A 2011 gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta buɗe gasar YouWiN, inda matasa ke rubuta tsarin kasuwanci. Wajen mutum 24,000 suka nema a zagayen farko, aka ba 1,200 kyautar jari, matsakaicinta kusan dala 50,000, ana sakin kuɗin kashi kashi bayan an je an ga abin da aka yi da na baya. Fiye da 700 daga cikinsu da ƙuri'a aka fitar da su daga waɗanda suka kai matakin kusa da ƙarshe, wannan ya ba David McKenzie na Bankin Duniya damar kwatantawa. Bayan shekara 3 ya tarar kamfanonin waɗanda suka ci sun fi rayuwa, sun fi kaiwa ga ɗaukar ma'aikata 10 ko fiye, ya kuma ƙiyasta ayyukan da aka samar sun kai wajen 7,000. Darasin da ke nan ya saɓa wa abin da aka saba faɗa a bukukuwan raba jari. Yawancin matasa ba 'yan kasuwa ba ne, kamar yadda yawancinmu a wannan zaure ba mu ba ne. Aikin albashi suke so, suna kasa kaya ne don babu. Mutum guda mai kan kasuwa da aka ba jari mai kauri ya ɗauki goma aiki ya fi goma da aka raba wa naira dubu goma goma, irin ta shirin TraderMoni na 2018. Sai dai gasar da ake shiga ta intanet da dogon Turanci, waɗanda suka yi karatu mai zurfi ta fi ɗauka. Makanikin da ya yi shekara 12 yana kwance ƙarƙashin motoci, wanda zai iya riƙe yara 8 in ya sami injin, ba ya cikin masu cika irin wannan takarda.

Wani zai tambaya, tun da ƙirali yana cikin littattafanmu, ga kuma jama'a da yawa a Arewa suna ƙin rancen banki saboda ruwa, me ya hana bankuna su yi shi? Tun 2012 muna da Bankin Jaiz, wasu kuma sun biyo baya. Amsar ita ce bankunan Musulunci a duniya duka sun fi karkata ga murabaha, watau su sayi kaya su sayar maka da riba ka biya a hankali, domin raba riba yana bukatar ka san ribar. Ɗantata ya san yaronsa, ya san ubansa, ya san farashin gyaɗa a kasuwar da ya aike shi. In ya yi ƙarya kafin ya iso gida labari ya riga shi. Ma'aikacin banki da ke riƙe da fayil 300 ba shi da wannan sani, sayensa kuma ya fi ribar tsada. Wanda yake da shi har gobe shi ne mai gareji da uban teloli da dillalin Kantin Kwari, haka kuma 'yan kasuwar Ibo na Sabon Gari, waɗanda tsarinsu na riƙe yaro shekaru a sallame shi da shago yake tafiya ba da ko kwabon gwamnati ba. In da za a bi ta hannun irin waɗannan, a ɗauki nauyin sallamar yaron da maigida ya shaida ya ƙware, a ba shi kayan aiki da sararin watanni kafin a nemi kome, da an sayi sanin da banki ba ya iya saye. Za a yi cuwa-cuwa, ba shakka, za a kawo yaran bogi da gareji na rana ɗaya, saboda haka sai an riƙa sakin kuɗin kashi kashi ana zuwa ana gani.

Ga 'yan'uwana ma'aikata da ke rubuta rahoton irin waɗannan shirye-shirye, akwai gyara guda da ba ya bukatar sabuwar doka. Rahotanninmu suna ƙirga mutum nawa aka raba wa, nawa aka kashe, wani lokaci da nawa aka biya. Biya kuwa ba shaidar riba ba ce, domin uwa takan sayar da akuyarta ta biya wa ɗanta don kada a kira sunansa a gaban mai unguwa, a ofis kuma a rubuta an ci nasara. Abin da ya sa muka san gaskiyar shirin Yuganda shi ne an rubuta sunan waɗanda aka ba da waɗanda ba a ba ba tun ranar farko, sa'an nan aka bi sawunsu a 2010, aka koma a 2012, aka sake komawa a 2017, har da waɗanda suka ƙaura zuwa Kampala.